Gobarar Hambali

Ka taɓa zama ka kalli wuta, kallo na tsakani da Allah, ba irin na mai jiran tuwo ba? To a ina idonka ya tsaya, a kan harshen wutar ko a jikin bangon da ke bayanta? Cikin mutum goma da za a yi wa wannan tambaya, tara za su ce harshe, na goman ya ce shi yana da aikin yi. Duk goman a gindin murhu suka girma, amma ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba. A duk ƙasar Gwarzo mutum ɗaya ne ya duba, Hambali mai gidan gem, kuma dubawar ce ta jawo aka garƙame masa shago da kwaɗo.

A Getso aka haife shi, ya yi wayo a shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu, lokacin da sabulu da madarar gwangwani suka koma abin bin layi. Mahaifiyarsa Uwaliya ba ta yarda da kwalin ashana sai ta zazzage shi a faifai ta ƙirga tsinkayen ɗaya bayan ɗaya, ta mayar, ta ƙulle a haɓar zane. Muddin hayaƙi na tashi a gidan maƙwabta, ba a ƙyasta ashana a gidanta. Sai ta miƙa wa Hambali tsingaro ta ce ya je ya ɗebo garwashi, kuma kada ya kuskura ya dawo mata da toka. 'Yan'uwansa rowa suka gada daga wannan tarbiyya. Shi kuwa ƙirga ya gada. Yana ƙirga awakin da suka gifta, yana ƙirga motocin da suka nufi Kano, yana ƙirga garwashin da ya ɗebo da wanda ya mutu a hanya. In ka tambaye shi ya kasuwa, ba zai ce alhamdulillahi ya yi shiru kamar kowa ba, sai ya ƙara maka da adadi.

Da ya gama sakandare ya tarar da abin da kowa ya tarar, wato babu. Sa'anninsa suka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya suna jiran gwamnati ta tuna da su. Wasu har yau suna nan, darbejiyar ma ta gaji da su. Hambali ya sayar da batir, ya sayar da kaset, ya koyi gyaran rediyo a wurin wani mutum da ɓarnarsa ta fi gyaransa yawa. Daga nan ya kama ɗaki ɗaya kusa da tashar motar Gwarzo, ya zuba talabijin huɗu na hannu, benci biyu, da janareta mai tari irin na tsofaffi. Gidan gem ke nan, inda yara ke biya su buga wasannin bidiyo. Da shi ya yi aure, da shi matarsa Sa'ada ke ɗora tukunya, kuma ba shi da ko kunya ɗaya ta gona da zai koma wa in ɗakin nan ya rufe.

Shari'a ta zo, kowa ya yi murna, Hambali ma ya yi. Har agogon bango ya saya don a riƙa kashe janareta in lokacin salla ya yi. Amma bayan 'yan shekaru sai wasu dattawan unguwar suka kafa abin da suka kira kwamitin gyaran tarbiyya. Su bakwai ne a suna, uku ne ke zuwa. A garin akwai masu ɓoye hatsi sai talaka ya jigata, akwai masu dukan gindin mudu don ya rage ci, amma waɗannan a sahun gaba suke salla, kafaɗa da kafaɗa da 'yan kwamiti, ido da ido kuwa akwai kunya. Sai aka duba, aka sake dubawa, aka gano cewa duk lalacewar Gwarzo a ɗakin Hambali take kwana.

Shugaban kwamitin Malam Ja'afaru ne, manomi kuma dillalin hatsi, mai gida a bakin gari ta hanyar Unguwar Tudu. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi takawa ciki, ya lissafo laifi uku: kiɗa, hotunan mutane rabi tsirara suna naushin juna, da jini. Ya ce an ba Hambali zuwa ƙarshen kaka, ko dai ya kawo wasan da babu ko ɗaya daga cikin ukun, ko kuwa kwaɗo. Ya faɗa ne da murmushin wanda ya tabbata babu irin wannan wasa a duniya. Hambali ya ce in babu, shi zai yi. 'Yan gindin darbejiya suka sami abin taunawa. Suka laƙaba masa Injiniya, duk sanda ya wuce sai wani ya tambaye shi ko Turawa sun aiko a ba su aron basira.

Ya shiga Kano ya dawo da tsohuwar kwamfuta da wani ofis ya gaji da ita, da faifan sidi mai manhajar haɗa gem, irin gem ɗin nan shimfiɗaɗɗe kamar zane a bango, dama da hagu, sama da ƙasa, ba zurfi. Fetur ya yi tsada, don haka ya raba wa janareta aiki: da safe yara na makaranta, nasa ne; da yamma na masu wasa. Ya zauna ya yi lissafi irin nasa. An cire kiɗa, an cire mutum, an cire jini. Me ya rage da zai sa gaban ɗan Gwarzo ya faɗi? Gobara. Duk wanda ya taɓa jin an kwarma ihun gobara da kaka ya san ƙafa ba ta tsayawa shawara da kai. Wasan zai zama haka: rumbu uku, rijiya ɗaya, bokiti ɗaya. Ba a zana mai ɗaukar bokitin ba, bokitin ne kaɗai ke kai da kawowa, don kada a ce an zana mai rai. Wuta ta kama, kai kuma ka kashe ta kafin ta cinye hatsin da ke ciki.

Rumbu da bokiti ba su ba shi wahala ba. Wutar ce ta ƙi. Da farko hoto uku ya zana na harshen wuta, kwamfuta tana musanya su da sauri. Abin ya fito kamar jan ƙyallen da ake ɗaura wa rodi a bayan babbar mota. Ya kira Sa'ada ta gani, ta leƙa, ta tambaye shi ko tattasai ne ke rawa. Ya goge.

Sai ya gane wuta ba abu ɗaya ba ce da za a zana mata kai da gindi. Taro ce, tarin ɗigo, kowane da wa'adinsa. Ya koya wa kwamfuta ta fito da ɗigo a gindin rumbu, fari fat, ya tashi sama yana ɗan karkata yadda ya ga dama, ya koma ruwan ɗorawa, ya koma ja, ya dushe, ya ɓace. Inda ɗigo ya hau kan ɗigo haskensu ya haɗu ya ƙaru, shi ya sa tsakiyar wuta ke fari, gefenta ja. Kada biyu su tashi da gudu ɗaya, kada biyu su yi tsawon kwana ɗaya, in ba haka ba sai su jeru kamar 'yan fareti. Wasu 'yan mitsi-mitsi ya ware su zama tartsatsi, su yi tsalle su wuce saura, iska ta kwashe su zuwa rumbu na gaba. Wasu manya masu duhu ya sake su su yi hayaƙi. In ruwan bokiti ya sauka, duk ɗigon da ya taɓa ya mutu nan take.

Da ɗigo hamsin, fitilar aci-bal-bal ce. Da ɗari da hamsin, murhu. Da ɗari huɗu gobara ce sosai, sai dai tsohuwar kwamfutar takan shaƙe, bokiti ya tsaya cak a tsakar hanya kamar jakin da ya ga kwalbati. Ya yi ta ragewa yana ƙarawa har ya gano iyakarta: ɗari biyu da sittin. Ya raba su kamar gado, ɗari da tamanin na harshe, hamsin na hayaƙi, talatin na tartsatsi. A nan tarbiyyar Uwaliya ta yi rana. Maimakon a jefar da tsohon ɗigo a ƙirƙiri sabo, duk wanda ya mutu a sama sai a dawo da shi gindi a sake hura shi. Su ɗari biyu da sittin ɗin nan ne dai ke ta zagayawa. Ba a ƙyasta sabo muddin akwai na ɗiba.

Wuta ta yi kyau, amma ba ta ba da tsoro. Kamar an yanko ta daga kalanda an manna. Ran nan da hantsi ya rufe ƙofar shago, ya toshe taga da buhu, ya kunna karan dawa guda a kasko ya tsuguna. A kara na farko harshen ya kalla, bai ƙaru da komai ba. Na biyu ma haka. A na uku hayaƙi ya shiga masa ido, ya kau da kai, sai ya ga bangon. Bangon ne ke motsi. Haske na hawa yana sauka a jikinsa, inuwar benci na miƙewa tana tsugunawa, duk wani rami da ƙusa ta bari ya yi baƙi a gefe ɗaya, ja a ɗaya gefen. Ashe abin da ke fara tsinka zuciya a gobara, tun kafin mutum ya ga wutar, shi ne jan da ya hango a katangar maƙwabci.

Ya koma ya lulluɓe fuskar gem ɗin gaba ɗaya da baƙin mayafi, ya yi masa huji daidai inda wuta take, huji mai laushin baki, yana buɗewa yana tsukewa. Sannan ya ɗaure faɗin hujin da yawan ɗigon da ke ci. Wuta ƙarama, haske ɗan tafin hannu. Wuta ta girma, duhu ya ja da baya. Wannan dabarar tasa ce, ba a faifai ya same ta ba, kuma ka riƙe ta da kyau, don ita ce ta kai shi ta baro.

Saura bango. Wanda ya zana da hannu sumul yake, haske na zamewa a kansa kamar ruwa a jikin leda. Yana bukatar bangon gaske, mai tudu da kwari. Ya aro kyamara wurin mai hoton tasha ya shiga gari. Bango arba'in da ɗaya ya duba. Yawancinsu an shafe musu fuska da siminti don baƙi su gani, bayan gida kuwa na zubewa. Irin wannan bango ba ya riƙe haske, kamar yadda masu shi ba sa riƙe alkawari. Na talatin da bakwai ne ya tsayar da shi. Tsohon yaɓe ne na ƙasa, magini ya bi shi da yatsu layi-layi kamar kunyoyin gona. Ga rumbu uku jere a gabansa, na tsakiyar ya ɗan karkace, an kifa masa tsohuwar tasa shuɗiya a ƙoli saboda yoyo. Hambali ya ɗauki hoton da hantsi, rana na dukan bangon ta gabas. Ya dawo da la'asar sakaliya ya sake ɗauka, tana dukansa ta yamma. In wuta na gefe ɗaya, kwamfuta ta nuna hoton farko. In ta koma ɗaya gefen, ta nuna na biyu. In tana tsakiya, ta gauraya su. Haske ya kwanta a kowane layin yatsa kamar a can aka haife shi.

Gidan Malam Ja'afaru ne. Hambali ya sani sarai, duk Gwarzo wa bai san tasar nan ba? Amma a kansa ba gidan kowa ba ne, bango na talatin da bakwai ne. Sa'ada ta ga hoton, ta tambaye shi ko ya nemi izinin mai gidan. Ya ce rumbu ai rumbu ne. Ta ce ko da wasa ba a yi wa mutum fatan gobara. Ya ce wannan lissafi ne, ina ruwansa da fata, kuma ai duhu ya rufe komai, ba abin da ake gani sai ɗan wurin da wuta ta haska.

Ka ji mai wayo. A ƙasar da ko sunan gobara aka ambata sai an bi shi da Allah ya kiyaye, a ƙasar da ba a nuna rumbun mutum da yatsa a yabi cikarsa don gudun kambun baka, shi ya ɗauki rumbunan mutum sukutum ya cinna musu wuta. Har ya kintaci yawan damin da za su ci, ya rubuta a saman allo, adadin na raguwa in suna ƙonewa. Maganarsa a kan duhu gaskiya ce, amma rabinta. Shi ya gina wasan, hannunsa ya saba, tun da ya saka bangon bai taɓa barin wuta ta wuce gindin rumbun farko ba. Gwaninta ce ta rufe masa ido.

Kaka ta ƙare, an kai amfani gida. Ranar gwaji bayan la'asar dattawa uku suka zo: Malam Ja'afaru, da Malam Nata'ala wanda aikinsa a kwamiti gyangyaɗi ne, da Alhaji Gali mai shagon taki. Alhaji Gali taubashin Malam Ja'afaru ne, ɗan kawunsa, kuma kowa ya san tsakanin taubasai babu fushi. Duk abin da ɗan namiji ya gaya wa ɗan mace, sai dai ya haɗiye. Aka yi gaisuwa, aka tambayi iyali da gajiya da kaka, aka sake komawa kan iyali. Hambali ya toshe taga da buhu, ya tada janareta, ya zauna.

Wuta ta kama a gindin rumbun farko, 'yar ƙarama, haskenta bai wuce faɗin faifai ba. Bokiti ya ruga rijiya ya dawo, sau huɗu, ta mutu. Babu kiɗa sai ƙarar kara na fashewa. Babu mutum, babu jini. Dattawa suka dubi juna da fuskar waɗanda suka zo ta'aziyya suka tarar da mara lafiyan na shan fura. Malam Ja'afaru ya ce ba a nan take ba, mai abu ya san inda ya ɓoye abinsa, sai wani daga cikinsu ya taɓa da hannunsa tukuna. Alhaji Gali ya tattare babbar riga ya zauna.

Hambali ya nuna masa madannai: wannan dama, wannan hagu, wannan ɗiba, wannan watsawa. Alhaji Gali ya ɗebi ruwa ya watsa wa rijiya. Ya sake ɗiba ya kai wa duhu. Wuta ta haura ta kama jinka, ɗigo suka ƙaru, duhu ya fara ja da baya. Layukan yatsun magini suka fito ɗaya bayan ɗaya, jajaye. Tartsatsi ya yi tsalle ya sauka a rumbu na biyu, mai karkacewar nan, haske ya hau shi har ƙoli, ya tsaya a kan tasa shuɗiya.

Alhaji Gali ya kai fuskarsa kusa da allo. Sannan ya ɗauke hannuwansa duka biyu daga madannai, ya harɗe su a ƙirji.

"Ɗan mace," in ji shi, "matso ka ga wani abu. Wannan ba tasar da kake cin tuwo a ciki muna yara ba ce?"

Malam Ja'afaru ya matso. Alhaji Gali ya nuna masa saman allo da haɓa.

"Dami ɗari da ashirin, ga shi an rubuta. To kai da ka ce mana bana ba a samu ba? Ɗari da sha tara. Sha takwas."

"Gali, watsa ruwan."

"Ina dalili? Shekara da shekaru nake son in ga abin da ke cikin rumbun nan, ka ƙi buɗewa. Yau Allah ya kawo mai buɗewa."

"Na ce ka watsa ruwan."

"Yaushe bawa ya fara aiken ubangidansa? Ɗari da sha biyar."

Malam Nata'ala ya farka, ya ga gidan shugaba na ci, ya kama salati yana laluben takalmansa zai je kai gudummawa.

Malam Ja'afaru, mutumin da a da ya ƙi taka bakin ƙofar nan, ya ture taubashinsa daga kan benci ya zauna. Ya tambayi Hambali, ba tare da ya dube shi ba, wanne ne ɗiba. Hula ta zame ta koma ƙeya, carbi ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba. Ya bar rumbun tsakiya, don manomi ya san abin da ya riga ya tafi. Ya tare wutar a na farko, ya jiƙe na uku tun kafin tartsatsi ya isa. Alhaji Gali na tsaye a bayansa yana karanta masa asara da babbar murya, yana tambaya ko a aika gida a ce mata su fara fito da kaya.

Hambali fa? Da mai hankali ne, da tuni ya zare wayar janareta ya ce mai ya ƙare. Shi yana tsaye yana kallon ƙasan allo, inda adadin ɗigo yake: ɗari biyu da arba'in, da hamsin, da sittin cif. Bokiti bai tsaya ba, kwamfuta ba ta shaƙe ba. Bai taɓa ganin wutarsa a cike a jikin bangon nan ba sai yau, kuma ta fi yadda ya zata. Daɗi ya kama shi har ya sunkuya kusa da kunnen dattijon.

"Malam, ka lura da yadda hasken ke kwanciya a jikin bangon? Sau biyu na je na ɗauko shi."

Aka kira magariba daidai lokacin da rumbun tsakiya ya rufta, tasa ta gangaro. Biyu sun tsira. Malam Ja'afaru ya miƙe, rigarsa jiƙe da gumi, ya ɗauki carbinsa, ya gyara hula. Ya ce gaskiya ɗaya ce, laifi ukun da aka lissafa babu ko ɗaya a wannan wasa, shi shaida ne. Amma abin da ya zaunar da mai furfura har ya manta inda yake, me zai yi wa yaro? Don haka kwamiti ya ga a rufe. Bai tambayi kwamitin ba. Rabinsa na dariya, rabinsa na neman takalmi.

A bakin ƙofa Malam Ja'afaru ya juyo.

"Ɗan nan, me na tare maka? Duk rumbunan garin nan ba ka ga na ƙonawa ba sai nawa?"

"Malam, naka ne ya fi riƙe haske. Arba'in da ɗaya na duba. Amma in an ba ni dama zan sauya bangon."

"Sauya. Abin da ido ya gani kuma wa zai sauya shi?"

Washegari aka sa kwaɗo. An ce don yara ne, kowa ya gyaɗa kai, amma duk Gwarzo ta san don rumbun gero ne wanda ko kara ɗaya nasa bai ƙone ba. Masu wucewa sun ga Malam Ja'afaru yana zagaya rumbunansa yana shafa su. Ya sa aka kwashe tarin karan da ke jingine da bango, aka sauke tasar. Da hantsi Alhaji Gali ya zo da mutum biyu, suka tsuguna a zaure suka yi masa jaje cikakke: ya aka ji da wannan abu, Allah ya mayar da alheri, Allah ya sa iyakar wahalar ke nan. Dole ya amsa da amin. Har yau Ƙonanne ake kiran rumbun nan, yana nan tsaye cike da gero.

'Yan gindin darbejiya suka ce dama sun faɗa. Ba abin da suka faɗa, dariya kawai suka yi, amma wanda bai taɓa ɗaga bokiti ba ai ba ya zubar da ruwa.

Da Hambali ya nemi wani babba ya raka shi da goro, ya tsuguna ya ce yarinta ce, wataƙila da an buɗe. Sa'ada ta gaya masa haka. Shi kuwa sai ya tafi shi kaɗai da kyamara, don ya nuna wa Malam bangon da zai maye gurbin nasa, na sha biyu, wanda ya zo na biyu a riƙon haske. Gidan surukin Malam ne. Kwaɗo ya zauna daram.

Ya sayar da talabijin huɗun, ya ɗora kwamfuta da janareta da iyali a mota ɗaya suka koma Kabo. A can yake cajin waya a bakin kasuwa, soket sittin da huɗu jere a katako. Ya yi 'ya'ya, furfura ta fara leƙowa. Ya gina ɗan ƙaramin gida, kuma da aka zo yaɓe ya sallami maginin da ya zo da maganar siminti, ya nemo wani tsoho ya bi masa bangon da yatsu. Nasa ne, ba mai tambayarsa me ya tare masa. Gem ɗin ma yana nan, ya mai da shi na waya, yana tura wa duk wanda ya kawo caji in yana so. Gidansa ne ke ci a ciki yanzu. Sa'ada ba ta taɓa yarda ta kalla ba, kuma duk wanda ya buga a gabanta sai ta sa shi ya ce Allah ya kiyaye.

In ka tambaye shi ko ya yi nadama, sai ya ce maka ranar nan ɗigo ɗari biyu da sittin suka ci a lokaci ɗaya, kuma bokiti bai tsaya ba. Iyakar abin da ya ɗauko daga Gwarzo ke nan. Ya ƙirga komai a bangon nan, layukan yatsu da rumbu da dami, ya tsallake mai gida guda ɗaya.

To kai da ka ce ka san wuta, gwada. Nemi busasshen karan dawa guda, da kasko, da bokitin ruwa a kusa. Shiga ɗaki da rana, ka toshe taga, ka bar wa hayaƙi ƙofa, ka kunna. Juya wa harshen baya, ka dubi bango har karan ya cinye. Sai dai ka tabbata bangon naka ne.